Tambaya da Amsa: An ce yafiyar mutum ɗaya ta warkar da garin Enniskillen, me ya sa matanmu suka ƙi yafewa?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Ina aiki da wata ƙungiya mai kula da matan da suka rasa mazajensu a rikici, a wani ƙaramin gari a jihar Filato. Kwanan baya an kai mu taron bita, mai horarwa ya ba mu labarin Enniskillen, wani gari a Ailan ta Arewa, inda bom ya kashe mutane a 1987, wani dattijo da 'yarsa ta mutu ya fito ya ce bai riƙe kowa a zuciya ba. Ya ce wannan magana ce ta kwantar da garin har aka samu zaman lafiya, don haka mu koma mu shirya "ranar yafiya", kowace mace ta tashi gaban jama'a ta ce ta yafe. Na kawo musu zancen. Biyu sun daina zuwa, ɗaya ta ce in na sake ɗauko maganar ba ni ba ita. Wata ta amince, amma tun ranar ba ta barci. Masu ba mu tallafi suna jiran rahoto da hotuna. Hankalina a tashe yake. Matanmu ne masu taurin zuciya, ko ni ce ban iya aikin ba? Kuma da gaske haka aka yi a can?

Daga wata mai karatu a jihar Filato

AMSA

Wa alaikumus salam, Malama. Kafin komai, ki dakatar da wannan ranar. Kada a buga takardar gayyata, kada a ɗauko mai hoto. Matanku ba su da laifi, ke ma ba ki gaza ba. Wadda ta daina barcin nan ta fi duk abin da kika lissafa gaggawa, zan zo kanta. Dattijon da aka ba ku labarinsa an yi shi, maganar ma ya faɗe ta. Ginin da aka ɗora a kanta ne ba shi da tushe, kuma ba ku ne na farko da aka sayar wa wannan labari ba. Da wuya mako ya fita ban ci karo da shi ba, ko a bakin mai horarwa ko a cikin takardar neman tallafi.

Ga abin da ya faru. Ranar Lahadi 8 ga Nuwamba 1987, mutanen Enniskillen, babban garin gundumar Fermanagh, sun taru a dandalin tunawa da sojojin da suka mutu a yaƙe-yaƙen duniya, kamar yadda suka saba duk shekara. Ashe ƙungiyar IRA, 'yan bindigar ɓangaren Katolika masu neman raba Ailan ta Arewa da Birtaniya, ta riga ta ajiye bom mai nauyin kilo 18 a wani tsohon gini da ke gefen dandalin. Wajen ƙarfe sha ɗaya saura kwata na safe ya tashi, bango ya rufto kan waɗanda ke tsaye a gindinsa. Mutum 11 suka mutu a ranar, 63 suka ji rauni. Dukkan mamatan 'yan Furotesta ne, goma farar hula, ɗaya ɗan sanda, kuma a cikinsu akwai ma'aurata uku, miji da mata tare. Na goma sha biyu, Ronnie Hill, shugaban wata makarantar sakandare, ya shiga doguwar suma, bai farfaɗo ba har ya rasu a watan Disamba 2000. Shekara 13 matarsa na jinyarsa. Wannan fa a garin da ko a yau mutanensa ba su wuce 14,000 da 'yan kai ba. Kin san irin wannan gari, babu gidan da gawa ɗaya ba ta shafa ba, balle sha ɗaya.

Dattijon shi ne Gordon Wilson, mai shagon yadi da tufafi, ɗan cocin Methodist. Ɓaraguzai sun danne shi tare da 'yarsa Marie, 'yar shekara 20 mai koyon aikin jinya, yana riƙe da hannunta suna magana. Ta cika a asibiti. Cikin 'yan sa'o'i ya gaya wa BBC cewa ba ya ƙullatar kowa, mummunar magana ba za ta dawo masa da 'yarsa ba, kuma zai yi wa waɗanda suka aikata addu'a. Maganar ta zagaye duniya, har Sarauniyar Ingila ta ambace shi a jawabinta na Kirsimeti. Mutane da yawa na ganin ta rage zafin ramuwar gayya a waɗannan kwanaki, ni ma haka nake gani. Ba na rage wa bawan Allah nan komai.

Amma ki tambayi mai horar da ku abin da ya biyo baya. Washegari, a Belfast, babban birnin Ailan ta Arewa, 'yan bindigar ɓangaren Furotesta suka harbe wani ɗalibi ɗan shekara 19 a wurin da yake leburancin gini, da zaton ɗan Katolika ne. Ashe ɗan Furotesta ne. A 1988 IRA ta tayar da motar sojoji a Ballygawley, takwas suka mutu. A 1992 a Teebane ta kashe ma'aikatan gini takwas. A Oktoba 1993 ta sa bom a shagon kifi a titin Shankill, mako guda bayan haka 'yan ɗaya ɓangaren suka buɗe wuta a wata mashaya a Greysteel, mutum takwas suka tafi. A Yuni 1994 a Loughinisland aka harbe mutum shida suna kallon ƙwallon cin kofin duniya. Yarjejeniyar zaman lafiya ba ta zo ba sai 10 ga Afrilu 1998, fiye da shekara goma bayan Enniskillen. Wata huɗu da sa hannu, 'yan a-ware daga IRA suka tayar da bom a Omagh, tafiyar kimanin kilomita 40 daga Enniskillen, mutum 29 suka mutu, ciki har da mace mai cikin tagwaye. To ina zaman lafiyar da magana ɗaya ta kawo?

Shi kansa Wilson bai tsaya kan maganar ba. A 1993 gwamnatin Dublin, wato ta Jamhuriyar Ailan, ta naɗa shi sanata, a shekarar kuma ya nemi ganawa da wakilan IRA ido da ido, ya roƙe su su daina. Ya dawo hannu rabbana, ya kuma faɗa wa duniya cewa ba su saurare shi ba. Wasu daga cikin mutanensa sun zarge shi kan kujerar da kuma ganawar. Ya rasu a Yuni 1995, bai ga yarjejeniyar ba. Akwai kuma abin da masu taron bita ba su taɓa faɗa: babu wanda ya sa shi. Ba a kira shi taro ba, ba a rubuta masa abin da zai ce ba, babu ƙungiyar da ke jiran hotonsa don cika rahoto. Daga imaninsa maganar ta fito, a lokacin da shi ya zaɓa, shi ya sa ta yi nauyi. Abin da aka ce ki shirya kishiyar wannan ne.

Sai sauran iyalan. Duniya ta ɗauki murya ɗaya ta mayar da ita muryar gari, alhali gawa sha ɗaya aka binne. Wasu daga cikin 'ya'yan mamatan sun sha faɗa a fili cewa suna girmama Wilson amma ba da yawunsu ya yi magana ba, kuma ba za su yafe wa wanda bai tuba ba, bai ma bayyana kansa ba. Ki auna halin da suka shiga: an kashe mahaifinki, sannan duk baƙon da ya zo yana auna ki da maƙwabcinki, ana jiran ki faɗi abin da ya faɗa, in ba ki faɗa ba ke ce mai riƙo. Ɗaya daga cikin waɗanda bom ɗin ya yi wa mummunan rauni, Jim Dixon, har takarar majalisar Birtaniya ya tsaya a 2001 don adawa da yarjejeniyar 1998. Ya samu ƙuri'a dubbai, ƙuri'un ɓangarensa suka rabu, 'yar takarar Sinn Féin, jam'iyyar da ke da alaƙa da IRA, ta lashe kujerar da ratar ƙuri'a 53. Haka garin da aka ce muku ya warke yake, shekara 14 bayan abin. Har yau kotu ba ta samu ko mutum ɗaya da laifin bom ɗin ba. IRA ta ce ta yi nadama washegari, amma ta haɗa da ƙaryar cewa na'urar sojoji ce ta tayar da shi, sai daga baya aka amsa cewa ba haka ba ne. Gerry Adams, shugaban Sinn Féin a lokacin, bai fito ya ba da haƙuri kan Enniskillen a ranar tunawa ba sai 1997.

Akwai dalilin da ya sa rikici ke yi wa ƙaramin gari illar da ba ya yi wa birni, kuma matanku sun fi mai horar da ku saninsa. A Belfast mai kisa daga bayan katanga yake zuwa, ba ka san fuskarsa ba. A ƙauyukan Fermanagh na bakin iyaka da Jamhuriyar Ailan, yawancin waɗanda IRA ke farauta manoma ne da direbobi da masu shago 'yan Furotesta da ke aikin soja ko ɗan sanda na wucin gadi. A gona ake samunsu, ko a ƙofar gida. Wani gida ya rasa 'yan'uwa maza uku ɗaya bayan ɗaya tsakanin 1981 da 1985, na ƙarshen an harbe shi ya je ɗaukar 'yan makaranta a motar da yake tuƙawa. A 1988 an sa bom a motar 'yan makaranta a Lisnaskea don direban, cikin yaran akwai Arlene Foster, wadda daga baya ta shugabanci gwamnatin Ailan ta Arewa. Kowa ya san cewa kafin a samu mutum haka, sai wani na kusa ya faɗi lokacin da yake fita tatsar shanu da hanyar da yake bi. Wane ne? Ba a sani ba, don haka kowa ne. Da mazaɓar yankin ta zaɓi Bobby Sands, fursunan IRA mai yajin cin abinci, da ƙuri'a sama da 30,000 a 1981, 'yan Furotesta suka karanta shi a matsayin amsar maƙwabtansu.

'Yan Katolika ma nasu lissafin na nan. Shekara da shekaru ana yanka mazaɓu don kada yawansu ya yi tasiri, ana hana su gidajen gwamnati da ayyuka. Da dare maƙwabcin da kuka tashi tare, sanye da kakin soja, zai tsayar da kai a hanya ya tambaye ka sunanka. A Oktoba 1972 kusa da Newtownbutler an tsinci gawar manoma biyu 'yan Katolika an caccaka musu wuƙa, sai a 1981 kotu ta tabbatar sojojin Birtaniya ne. An rurrufe hanyoyin kan iyaka, gonaki suka rabu da kasuwanninsu. Gadar Aghalane da aka fasa a 1972 ba a sake gina ta ba sai 1999. Abin da ya rage a irin wannan wuri shi ne gaisuwa da shiru. Ana zuwa jana'izar juna, ana taimakon juna da taraktoci, amma ba a sayar wa ɗaya ɓangaren gona, ba a kuma taɓa zancen. Matar da kike so ta tashi ta ce ta yafe, wataƙila jiya ta ga wanda take zargi yana cinikin tumatir. Ke kina ganin taro, ita tana ganin wanda zai zauna a layi na uku.

Abin da ya tsayar da bindiga a Ailan ta Arewa siyasa ce da gyaran hukuma, don rikicin tun asali kan ƙasa da mulki da rabon arziki ne, coci alamar gane ɓangare ce. An karɓe rabon gidaje daga hannun ƙananan hukumomi a 1971, an tsaurara dokar hana wariya wajen ɗaukar aiki a 1989, John Hume, jagoran siyasar 'yan Katolika masu ƙin tashin hankali, ya yi ta zama da Gerry Adams ana zaginsa, IRA ta tsagaita wuta a 1994, George Mitchell, tsohon sanatan Amurka, ya jagoranci tattaunawa. Aka yi raba madafun iko, aka sauya rundunar 'yan sanda suna da tsari a 2001, IRA ta lalata makamanta a 2005. A duk cikin yarjejeniyar babu layin da ya ce wata bazawara ta yafe. Farashin dai su suka biya, domin an saki fursunoni sama da 400 cikin shekara biyu. Idan Enniskillen ta taimaka, ta wata hanyar ce: kunya ta rufe masu bom, goyon bayansu ya ragu, Sinn Féin ta rasa rabin kujerunta a majalisar Fermanagh a zaɓen 1989.

Yanzu ga ɓangaren da ke ɓata min rai, domin a nan ake gane wanda yafiyar dole ke yi wa amfani. Yayin da ake yabon haƙurin Wilson, me hukuma ta yi wa waɗanda suka rage? An kafa sashen sake binciken tsofaffin kashe-kashe a 2005, aka rufe shi a 2014. A 2009 wani kwamiti ya ba da shawarar a ba iyalan kowane mamaci fam 12,000, har da 'yan bindiga, aka yi ca, aka jefar da rahoton. A 2014 jam'iyyu suka amince da sabon tsari a Stormont, mazaunin gwamnatin Ailan ta Arewa, ba a aiwatar ba. Fanshon waɗanda rikicin ya naƙasa, masu yankakkun ƙafafu da makafi, ya maƙale kan gardamar wa ya cancanta a kira shi wanda aka zalunta da kuma wa zai biya, Landan ko Belfast, sai da kotu ta ce gwamnati ta karya doka a 2020, sannan aka buɗe karɓar takardu a ƙarshen Agusta 2021. Shekara 23 bayan yarjejeniya. Da yawa sun mutu suna jira. A 2023 majalisar Birtaniya ta yi dokar da za ta ba masu laifi kariya bisa sharaɗi ta kuma dakatar da binciken kotu kan mace-macen. Wannan doka ta yi abin da ba a saba gani ba, ta haɗa kan dukkan manyan jam'iyyun Ailan ta Arewa da ƙungiyoyin waɗanda aka zalunta na ɓangarorin biyu wajen ƙin ta, gwamnatin Dublin ta kai ƙara kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai, kotun Belfast ta ce kariyar ta saɓa wa haƙƙi. Ko dutsen da aka rubuta sunayen mamatan Enniskillen, an buɗe shi a 2017, cikin sa'o'i aka ɗauke aka kai ma'ajiya saboda ba a daidaita da masu filin ba, sai bayan kimanin shekara biyar ya samu wurin zama.

Ki ƙara da Claudy, wani ƙauye a gundumar Derry. Ranar 31 ga Yuli 1972 motoci uku suka tashi da bom, mutum tara suka mutu, biyar Katolika, huɗu Furotesta. A 2010 ofishin sauraron koke-koke kan 'yan sanda ya bayyana cewa tun a lokacin ana zargin wani fada, wato limamin cocin Katolika, mai suna James Chesney, amma maimakon a tuhume shi, sai 'yan sanda da ministan Birtaniya William Whitelaw da Kadinal William Conway suka san yadda suka yi aka mayar da shi Donegal, can ƙetaren iyaka. Ya mutu a 1980 ba a taɓa yi masa tambaya ba. Hujjar da ake bayarwa ita ce kama fada a wannan shekara zai ƙara hura wuta. Mai yiwuwa. Amma shekara 38 iyalan suka yi ba su san abin da manya suka sani ba. Duk inda kika ji ana matsa wa matalauciya ta yafe da sauri, ki duba wane fayil ake so a rufe.

Ta fuskar lafiya ma, abin da aka ce ki yi yana cutarwa. Binciken jami'ar Ulster ya nuna kashi 39 cikin 100 na manya a Ailan ta Arewa sun gamu da wani tashin hankali mai alaƙa da rikicin, kusan kashi 9 kuma sun yi fama da ciwon firgicin da ke biyo bayan masifa, kuma da yawansu shekaru bayan an daina harbi. Darasin da ya kamata a koya muku yana Omagh. Bayan bom ɗin 1998, ma'aikatan lafiya na garin suka samu horo daga masana na Oxford kan jinya ta hanyar zama da magana mai tsari, mutum ɗaya da mai jinya ɗaya, a ɗaki a rufe, mako bayan mako. Sun wallafa sakamakon majinyata 91 a 2002, an ga sauƙi mai yawa, galibi cikin zama ƙasa da goma. Ba a tambayi kowa ko ya yafe ba. Shi kuwa salon tara mutane a zama guda a sa kowa ya amayar da abin da ke cikinsa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a daina, don ba ya hana ciwon, wani lokaci ma ƙara shi yake yi. Amma har gobe za ki ga mutum da takardar shaidar horon kwana uku yana sa mata kuka a zauren otal, yana ɗaukar hawayen a matsayin shaidar aiki. Ɗinke miki ne da ruwa a ciki.

Ki duba abin da ke faruwa da wadda ta amince. Ta yi alƙawarin faɗin abin da zuciyarta ba ta kai ba. In ta faɗa, tana jin ta ci amanar mijinta, ga dangin miji na kallo, ga 'ya'yanta maza da za su ji. In ta fasa, tana jin ta saɓa wa Allah, kuma tana tsoron a cire sunanta daga masu karɓar tallafi. Da wanne za ta yi barci? Sannan kin raba ƙungiyarki biyu, matan kirki da suka yafe da masu taurin kai, alhali wannan zaure shi ne wuri ɗaya da suke da shi da ba a auna su. Hoton ma ba wasa ba ne. A gari irin naku, fuskar mace a Facebook da sunan rikicin a ƙasa na iya jawo mata abin da ba ki shirya masa ba.

Masu fakewa da addini su fi ba ni mamaki. A Musulunci afuwa haƙƙin magadan mamaci ne: kisasi, ko diyya, ko yafewa, su ke zaɓa, kuma duk wannan bayan an san wanda ya yi kisan, alƙali ya tabbatar. An kwaɗaitar da yafiya, ba a tilasta ta ba. Wahshi da ya kashe Sayyidina Hamza ya zo ya musulunta, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya karɓi musuluncinsa, amma ya nemi ya riƙa kawar da fuskarsa daga gare shi. Wane mai horarwa ne zai nemi bazawarar ƙauye ta yi abin da ya wuce wannan, a gaban kyamara, kafin ƙarshen wata? A ɓangaren Kirista ma, iyalan Fermanagh da suka ƙi bin Wilson masu zuwa coci ne kamarsa, kuma hujjarsu daga nassi take: ɗan'uwanka in ya tuba, ka yafe masa. Malamansu sun daɗe suna muhawara a kai. Wanda bai binne kowa ba ya ji tsoron Allah kafin ya yanke wa mai takaba ranar da zuciyarta za ta sauka.

Abin yi. Ki je gidan wadda ba ta barci, ke kaɗai, ki gaya mata an fasa taron kuma babu abin da zai taɓa tallafinta. Sau da yawa wannan kaɗai na dawo da barci. Ki tambaye ta a hankali ko abin yana dawo mata kamar yanzu yake faruwa, ko tana mafarkinsa, ko tana gudun wata hanya ko wata kasuwa, ko ƙaramin ƙara na firgita ta. Ki tambaye ta kai tsaye ko ta taɓa tunanin gara ta mutu, tambayar ba ta sa wa mutum tunanin. In ta ce e, ranar za a kai ta asibiti, kada a bar ta ita kaɗai. In sauran alamun sun wuce wata guda suna hana ta sana'a ko kula da yara, a kai ta sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, akwai shi a asibitin koyarwa na Jos. Kada a saya mata ƙwayar barci a kemis, irin su diazepam kama mutum suke yi, ba sa taɓa ciwon. Biyun da suka daina zuwa ki bi su, ki ce an janye maganar, ba za ta sake tasowa ba.

Ƙungiyoyin da suka daɗe a can, irin su WAVE da aka kafa a 1991 da SEFF ta Lisnaskea, abin da ya riƙe su aiki ne marar armashi: cike takardun neman haƙƙi, raka mutum kotu, jinya, rubuta sunayen mamata da yadda suka mutu, shan shayi tare. Naku shi ne takardun gida da gona, rabon gado, kuɗin makaranta, jari, da rajistar sunaye da kwanan wata da za a ajiye a wuri amintacce, ko ba yau ba wata rana za a nema. Haɗa matan ɓangarorin biyu abu ne mai kyau in su suka so, kuma a kan wani aiki, adashe ko sana'a, ba a kan gawa ba. A Enniskillen iyaye ne da kansu suka buɗe firamare ta haɗakar yaran Katolika da Furotesta a 1989, sakandare ta biyo baya a 1994, kuma duk da haka yaran da ke irin waɗannan makarantu a faɗin Ailan ta Arewa har yanzu ba su kai ɗaya cikin goma ba. Sai a 2012 Sarauniya ta tsallaka titi a garin daga babban cocin Anglican zuwa na Katolika, shekara 25 bayan bom.

Masu tallafi kuwa, ki rubuta musu gaskiya a taƙaice: an gwada zancen, mata biyu sun fice, ɗaya ta kamu da rashin barci, an dakatar bisa ƙa'idar kada a cutar, wadda su da kansu suke sa ku sa hannu a kai. Ki nemi a karkatar da kuɗin taron zuwa kuɗin mota na zuwa asibiti da na lauya. A wurin hotuna ki ba su adadi: mata nawa aka tura jinya, takardun gona nawa aka karɓo, yara nawa suka koma aji. In sun dage sai hoto, ki nemi su aiko da umarnin a rubuce, da sunan jami'in da zai ɗauki alhakin abin da zai biyo baya.